Injin da Na Zana a Gidan Surukina

Shekarar da yaran nan masu bindiga suka shiga Mubi, ni da matata da 'yarmu muka iso Yola da kayan jikinmu kawai, muka sauka a Adarawo, gidan mahaifin matata. Kafin nan zuwana gidan bai wuce na gaisuwar Sallah ba. In tuɓe takalmi tun daga waje, in durƙusa a zaure, in gaishe shi ina kallon tabarma shi yana kallon bango, in tashi kafin a kawo ruwa. Yanzu ga ni an ba ni ɗaki a ƙuryar gidan, an ba ni buta, an ba ni riga daga cikin rigunansa. Hannun rigar bai kai mini wuyan hannu ba, haka na riƙa yawo da ita, duk wanda ya gan ni ya san ta waye.

A Mubi ni malami ne a wata makarantar koyon sana'a mai zaman kanta. Abin da nake koyarwa shi ne yadda ake sa injinan masana'anta su yi aiki da kansu: wannan ya ga kwalba ta iso ya tsayar da bel ɗin da ke tafe da ita, wancan ya cika ta, na gaba ya toshe bakinta, ba wanda ya sa hannu. Ina son aikin, kuma ina da ɗagawa a kansa. Mai makarantar ya tsallaka Kamaru bai dawo ba, gidan da muke haya kuma an kwashe abin da ke ciki an cinna wa sauran wuta. Ko da aka ce gari ya lafa, mutane suka fara komawa, ni ban da abin da zan koma in tarar.

Wanda bai taɓa cin tuwon gidan surukai safe da yamma ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Ba wanda ya taɓa yi mini gori, kuma wannan ya fi komai ciwo. Da an yi mini gori da na sami abin fushi. Sai dai a kawo kwano a rufe, a ajiye a bakin ƙofa, in ci ina jin kowace loma tana da lamba. Idan na ji tarinsa a tsakar gida sai in fasa fita. Idan shi ya ji motsin butata sai ya koma zaure. Ƙofar baya na mayar hanyata, ta wajen makewayi, kamar ɓarawon kaji.

Baaba, haka matata ke kiransa, ni ma na bi, maƙerin gwangwani ne. Yana da rumfa a gaban zaure, da dogon benci na katako wanda guduma ta cinye tsakiyarsa. Yakan yi mazurari da fitila da ludayi, amma abin da aka san shi da shi tun daga Yola har Jimeta shi ne motocin wasa na yara. Gwangwanin madara da na tumatir yake yankawa, ya miƙar, ya lanƙwasa, ya liƙe da dalma, ya yi tayoyi da tsofaffin silifa. Akwai tifa mai ɗaga baya, akwai keke mai ƙafa uku da aka yi wa fentin haya, akwai kwalekwale wanda ba ya nutsewa a kwano. Da can har bindiga yana yi, amma tunda sojoji suka cika hanya ya daina, ya ce ba zai jawo wa ɗan wani tsallen kwaɗo ba. Sau biyu kasuwarsa ke ci sosai a shekara, ƙaramar Sallah da Kirsimeti, kuma abin da ya samu a nan shi ke riƙe gidan. A shekarar nan, gidan har da mu. Wasu mata 'yan gudun hijira daga wajen Michika su ke yi masa fenti da saka tayoyi, ya ɗauke su ne don su sami na cefane.

Magana tsakanina da shi kuwa doguwar hanya take bi. Ni suruki ne, ba na doguwar magana da shi. Matata kuma 'yar fari ce, ko sunanta ba ya faɗa, sai dai ya ce yarinyar nan. Mahaifiyarta ta rasu, saboda haka duk abin da ya kama a gaya masa sai ya bi ta wajen Goggo, ƙanwarsa da ke zaune a gidan. Ni in gaya wa matata, ita ta gaya wa Goggo, Goggo ta kai zaure. Amsa ma haka take dawowa. Ba wanda ya ga aibun wannan, ni ma ban gani ba, don haka na tarar ana yi.

Lokacin Kirsimeti na farko, ta tagar ɗakina nake jiyo rumfar, ƙwanƙwasa tun safe har la'asar. Wani lokaci in leƙa ta jikin zana. Sai malantata ta motsa. Ina ganin Baaba ya yanka gwangwani ɗaya, ya ajiye almakashi, ya ɗauki guduma, ya ajiye guduma, ya nemi dalma, sai in ji raina yana ɓaci don ɓata lokacin da ake yi. Ba ni da aikin yi, ba ni da wajen zuwa sai majalisar 'yan uwana 'yan gudun hijira, inda ba a hira sai ta wanda aka gani da wanda ba a gani ba. Sai na nemi takardun buhun siminti na fara zane.

Na zana masana'anta sukutum. Ga bel mai tafiya yana ɗauko gwangwani. Ga idon lantarki da zai ga gwangwanin ya iso. Ga wuƙa mai aiki da iska za ta fille kai da gindi, ga na'urar da za ta miƙar da shi, ga wadda za ta buga shi sau ɗaya ya fito da siffar mota. Ga wajen feshin fenti mai hannu uku, ja da kore da ruwan ɗorawa. Ga akwatin da ke ba kowa umarni, wanda mu a aji muke kira PLC, na rubuta masa dokokinsa layi-layi, har da abin da zai yi idan gwangwani ya maƙale. Har jan maɓallin tsayar da komai ban manta ba. Kayan da zanen ke bukata, ko a Legas sai an yi odarsu, kuma wutar da za ta ja su unguwarmu ba ta taɓa ganin irinta ba. Na san haka tun layin farko. Na zana ne don idan matata ta shigo ta tarar da ni sunkuye da fensir, ba kwance ina ƙirga azara ba.

Ta kuwa tarar da ni. Ta tsaya a kaina ta ce, “Malam, mene ne wannan?”

Na gyara zama na yi mata lacca. Na daɗe ban tsaya gaban aji ba, sai ga ɗaliba guda ta samu. Na ce abin da Baaba ke yi a wata, wannan zai yi shi kafin azahar. Na ce gwangwanin ma ba a so a taɓa shi, yadda yake a dunƙule injin ke karɓarsa, kuma ƙasan rumfar sai an daɓe shi da siminti, benci ya tashi. A ƙarshe na ce, “Wata rana, in an sami kayan aiki.” Na faɗi wannan, Allah ne shaidata, amma a hankali na faɗe shi, ina naɗe takarda.

Matata ta ga abin da ta daɗe tana nema, wato abin da za ta ɗaga kai da shi a gidan ubanta. Ta ɗauki takardun ta kai wa Goggo. Goggo ba ta karatun boko, amma ta iya kallon zane, kuma ta iya zuba wa magana gishiri. Da yamma na ji ta a tsakar gida tana magana da ƙarfi, wai da matata take, amma fuskarta na wajen tagata.

“Ɓingel am, 'yata, ashe mijinki injiniya ne babba muna zaune da shi haka? Baabanki ya gani, ya ce boɗɗum, abu ya yi kyau. Ya ce Allah ya kawo mana shi ne.”

Daren nan kwanon da aka ajiye mini yana da cinyar kaza. Na ci. Na san ya kamata in aika a ce zane ne kawai, na ce bari gobe. Gobe aka kawo fura da nono mai kauri, jibi maƙwabcinmu da bai taɓa wuce ɗaga mini hannu ba ya tsallako titi ya ce, “Injiniya, barka da hutawa.” Na amsa, har da ɗan murmushi irin na wanda aiki ya yi wa yawa. Rabona da in ji ni mutum ne tun ranar da muka bi daji da ƙafa, na ce bari in ɗan ɗanɗana kafin in mayar. Na manta kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Baaba yakan fara aikin Sallah tun watan Sha'aban, don a shekarun nan azumi a damina yake faɗowa, fenti ba ya bushewa da wuri. Wata safiya a farkon watan na ji ana buga abu a rumfa, amma ba irin bugun da na saba ji ba. Na leƙa ta zana. Benci ake ɓallewa. Shi da kansa yake zare ƙusoshin, ga magini a gefe yana kwaɓa siminti. Gwangwanayen da aka tara tun bayan Kirsimeti an wanke su an jera a zaure har kusa da rufi, ba a yanka ko ɗaya ba. Matan Michika suna tsaye da zanensu na aiki, ya gaya musu su je su huta, idan inji ya zo za a kira su su koyi sabon aiki.

Na koma ɗaki na kira matata na ce, “Ki je ki ce a dakata. Wannan abu ba zai yiwu bana ba, ko baɗi ma ban sani ba.”

Ta dube ni kamar na mare ta. Ta ce, “Yanzu da ya fasa benci? Malam, da wane bakin zan faɗa?”

Na ce da bakin da ta kai zanen. Muka yi faɗa ƙasa-ƙasa, irin faɗan waɗanda ke zaune a gidan wani. Daga baya ta tafi. Ban ji abin da ta gaya wa Goggo ba, amma na san matata, ba za ta iya cewa mijinta ya kasa ba. Abin da ta faɗa, yadda ta gaya mini bayan shekaru, shi ne ana ɗan samun matsalar kaya. Goggo kuma ta ga yayanta ya riga ya gaya wa 'yan masallaci, ba ta son ta karya masa zuciya, sai ta ce masa Malam ya ce kayan na hanya. Amsar da ta dawo mini ita ce, Baaba ya ce kada in damu, abin kirki ba a yi masa gaggawa.

Na sake aikawa, na ce aƙalla a fara yanka rabin gwangwanin da hannu. Wannan saƙon ya isa yadda yake, don Goggo ba ta ga abin gyarawa a ciki ba. Shi ne ya ƙi. A ganinsa gwada shi nake, ko kuma kara nake yi masa. Idan ya ɗauki almakashi, ya nuna wa unguwa ke nan bai yarda da surukinsa ba, surukin da ya zo masa a wahale. Ya ce a gaya mini shi ba ƙaramin mutum ba ne, ya ba ni rumfa ya ba ni.

To, sai na ce bari in gwada, ko Allah zai sa in haɗa wani abu. Azumi ya kama ina hawa keke zuwa Jimeta, ina bin masu gwangwan da masu gyaran mota. A kowane shinge soja ya ga buhuna da wayoyi sai ya ce in sauka in zazzage, in yi ta bayani da ƙishirwa a maƙogwaro. Wata rana wani ya sa na zauna a rana har sai da ogansa ya zo. Abin da na samo bai wuce ƙaramin injin share gilashin mota ba, da sarkar keke, da tsohon batir, da wasu rile, wato makunnan lantarki, na firji. Na haɗa bel a ɗakina, tsawonsa kamu biyu, da tsumman tayar babur. Na ɗora gwangwani ɗaya na haɗa waya. Ya yi tafiya a hankali yana karkarwa, ya kai ƙarshe, ya faɗo a kan ƙafata. Wannan shi ne iyakar masana'antata.

Rashin sa'a, Goggo na wucewa da tsintsiya. Ta leƙo, ta ga gwangwani yana tafiya ba wanda ya taɓa shi. Ta jefar da tsintsiyar ta nufi zaure, ina ji tana cewa, “Ya fara tafiya, wallahi da idona na gani, gwangwani yana tafiya shi kaɗai.” Da aka sha ruwa aka kawo mini ƙosai da kunu har da gasasshen kifi. Na zauna ina kallon kifin, na kasa kai hannu, 'yarmu ce ta cinye.

Goman ƙarshe ta shigo, rumfa shiru, siminti ya bushe fes. Na ce yau ni zan je da ƙafata, al'ada ta yi abin da za ta yi. Bayan la'asar na zagaya ta ƙofar baya, na biyo ta gaba kamar baƙo, na tuɓe takalmi, na yi sallama. Yana zaune a kan buzu a gefen tulin gwangwani. Na durƙusa. Ya juya fuska wajen bango, ni na kafa ido a tabarma. Muka gaisa, muka tambayi ibada, muka tambayi ruwa, muka tambayi mutanen Mubi, muka sake tambayar ibada. Na shirya maganar tun a ɗaki, gajeriya ce, Baaba ba zan iya ba, a ɗauko almakashi. Na buɗe baki, na ce, “Baaba, dama game da aikin nan ne.”

Ya ɗaga hannu ba tare da ya juyo ba. Ya ce, “Malam, kar ka ce komai. Useko, na gode. Ina ganin fitarka da rana da azumi a bakinka. Ɗan da na haifa ma iyakar abin da zai yi ke nan. Allah ya yi albarka.”

Na ce amin. Wallahi amin na ce. Na ƙara durƙusawa, na ja da baya, na sa takalmina na zagaya ta wajen makewayi. Mutumin da ya tsaya gaban samari yana gaya musu cewa injin da ba ya iya sanar da matsalarsa haɗari ne, shi ne ya kasa furta 'yan kalmomi. A ɗaki na kifa kai a gwiwa, ina jin haushin kaina da haushinsa da haushin duk wanda ya fara ƙirƙiro wannan kunya. Ko a ranar da a ce na yi magana, da an sami wani abu, don da shi da matan nan in suka duƙufa za su fitar da abin da zai rufa asiri.

Ranar jajibiri da hantsi mutane suka fara taruwa. Iyaye maza da suka saba saya wa 'ya'yansu, da yaran unguwa da suka ji labarin inji suna son su gani, da wata 'yar kasuwa daga Jimeta da kowa ke kira Madam. Ita Kirista ce, amma da Sallah da Kirsimeti duk ita ke kwashe rabin kayan Baaba ta kai shagonta. Ta zo da keke da buhuna wofi. Ina bayan zana, tsakanina da su bai fi tsawon tabarma ba, ina jin komai.

Madam ta leƙa rumfa ta ga siminti, ta leƙa zaure ta ga gwangwani. Ta ce, “Baba, ina motan? Abeg kar ka ba ni kunya fa, mutane na jira a shago. An ce sirikinka ya kawo inji, ina injin?”

Na san nan ne ya kamata in ɗaga zanar in fito. Amma na tsaya a inda nake. Na ji Baaba ya miƙe, na leƙa ta tsakanin kara, na gan shi ya fito bakin rumfa. Ya dubi simintin, ya dubi gwangwanin. Ina jin a wannan kallon ne ya gane, don har safiyar nan yana sa ran zan fito da wani abu daga ɗaki. Fuskarsa ba ta canza ba.

Ya ce, “Malam ya gama nasa tuntuni. Inji yana ciki. Ni ne na ce a dakata.”

Madam ta ce, “Don me, Baba?”

Sai ya miƙa hannuwansa biyu a gabansu, ya sa su karkarwa. Hannuwan da na sha gani suna lanƙwasa ƙarfe kamar ganye. Ya ce, “Inji yana son mai ba shi da sauri, ni kuwa kun gani. Tun kafin azumi abin ya same ni, ko almakashi ba na iya riƙewa. Na ɓoye ne don kar yara su damu. Ku yi haƙuri, tsufa ne.”

Nan take aka koma jajanta masa. Wani ya ce hawan jini ne, wani ya ce a nemi man damo a shafa, Madam ta naɗe buhunanta ta ce za ta sa shi a addu'a. Wani dattijo har ya ce Allah ya saka wa Injiniya, ya yi wahalar banza. Yara suka watse ba mota. Ni ina tsugune bayan zana da rigar mutumin a jikina, hawaye na zuba, ba don tausayi ba, don tsabar kunya. A Sallar nan ban je idi ba, na ce zazzaɓi nake.

Na ɗauka bayan Sallah zai ce ya sami sauƙi, ya sa a haɗa benci. Na aika ta hanyar da muka saba, na ce ni zan haɗa shi da hannuna, zan zauna in riƙa yanka masa gwangwani. Amsa ta dawo gajeriya, ko Goggo ba ta ƙara mata komai ba. Ya ce ya faɗa a gaban jama'a, in ya koma aiki gobe za su san ƙarya ya yi, in sun san ƙarya ya yi za su tambayi dalili. Kirsimeti ya zo, Madam ta sake zuwa ko an dace, ya sake nuna mata hannu. Gwangwanayen ya ba masu gwangwan. Matan Michika, ɗaya ta koma gida, sauran na riƙa ganinsu suna talla a bakin tasha, in na hango su sai in canza hanya. Gidan ya sha wuya a shekarar, Goggo ta sayar da awakinta, ba wanda ya ce mini uffan.

Daga baya na sami koyarwa a wata makaranta a hanyar Girei, muka koma Shagari Low Cost. Yanzu ina da ɗakin gwaji na gaske, da bel na gaske, da akwatin da ke ba da umarni, ɗalibai na danna maɓalli fitilu na kamawa. Duk wata ina aika wa Adarawo abin da ya sawwaƙa, yana karɓa ya sa albarka ta bakin Goggo. A unguwar har yau Injiniya suke ce mini, kuma har yau akwai masu cewa da ba don ciwon tsoho ba da Yola ta ga abin mamaki. Ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar ba. Matata ma sau ɗaya muka yi ta, muka yi kuka, muka bari.

A Sallar da ta wuce mun je gaisuwa. Na tarar da shi shi kaɗai a rumfar, wadda yanzu ta zama wajen zaman tsofaffi. Ƙaramin ɗana ya zo da wata motar roba ta kanti, tayarta ta fita tun a keke, yana ta kuka. Na shiga ciki in gaida Goggo, da na fito sai na hango Baaba ya ɗauki motar. Ya tsinci guntun waya a ƙasa, ya miƙar da ita da yatsa, ya zura, ya murɗe bakinta, ya gwada tayar a tafin hannunsa. Ko ɗis hannun bai motsa ba. Fuskarsa kuwa ta yi wani irin haske, har leɓensa na motsi kamar mai lissafin inda zai sa dalma.

Sai ga maƙwabcin nan ya tsallako titi zai yi barka da Sallah. Baaba ya hango shi. Ya saki motar ta faɗi a cinyarsa, hannuwansa suka fara karkarwa. Ya miƙa wa yaron, ya ce da ƙarfi yadda maƙwabcin zai ji, “Kai wa babanka ya ƙarasa maka, shi ne injiniya. Ni hannuna ba ya iyawa.”

Yaron ya kawo mini. Na juya motar, ba abin da ya rage a yi mata. Na tsuguna a bakin rumfar, na yi kamar ina murɗa wayar, har maƙwabcin ya gama gaisuwa ya tafi.